Kwamfutar da ta girmi iyayenmu ta sake tashi: labarin PDP-7 da Unix na farko

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda masu cewa data ba ta barinsu su saurari murya, da waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi. Yadda na faɗa haka aka buga, sai 'yan wuraren da na yi tuntuɓen harshe na gyara.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin gyaran wata tsohuwar kwamfuta. Na san wani zai ce, mu da wuta ba ta ishe mu cajin waya ba, ina ruwanmu da kwamfutar da ta girmi iyayenmu? Ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana da dangantaka da tsohuwar nan.

A ƙarshen shekarar 2019, a wani gidan tarihi da ke birnin Seattle na Amurka, wasu injiniyoyi suka kewaye wani inji mai nauyin kusan kilo 500, ƙirar shekarun 1960. Ba shi da linzami, ba shi da allon shafawa. Ƙananan fitilu ne jere a gabansa, da makunnai da ake ɗagawa da yatsa. Suka kunna, suka jira, sai ga kalmar login ta fito. Suka buga haruffa uku: dmr. Sunan shiga ne na Dennis Ritchie, mutumin da ya rasu tun 2011. Inji ya karɓa. Abin da ya tashi a ranar shi ne Unix na farkon fari, wanda aka rubuta tsakanin 1969 da 1970, aka kuma yi shekaru masu yawa ana ɗauka ya ɓata ke nan.

To, bari mu koma baya mu ga yadda aka zo nan.

A shekarun 1950, in aka ce kwamfuta, ana nufin wani dodon inji da ya cika babban ɗaki, kuɗinsa har miliyoyin daloli, kuma galibi na kamfanin IBM ne. Kai mai buƙata ko ganinsa ba ka yi. Ka huda katunanka, ka miƙa wa ma'aikaci, ka dawo anjima ko gobe ka karɓi sakamako. In ka manta waƙafi ɗaya, sai ka sake bin layi daga farko. Duk wanda ya taɓa yin rajista a jami'a ya san irin wannan rayuwar.

A 1957 injiniyoyi biyu, Ken Olsen da Harlan Anderson, suka bar aikinsu a ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT, suka kafa kamfanin Digital Equipment Corporation, DEC a taƙaice. Jarinsu dala 70,000, ma'aikatarsu kuma wata tsohuwar masaƙar ulu a garin Maynard na jihar Massachusetts. Masu zuba jarin sun tsorata da kalmar kwamfuta, don a ganinsu ba a karawa da IBM a kai labari. Shi ya sa da DEC ya ƙera nasa injin bai kira shi kwamfuta ba, ya sa masa PDP, wato dai inji mai sarrafa bayanai bisa umarni. PDP-1 ta zo a kan dala 120,000. PDP-7 da muke magana a kanta ta fito a 1964 a kan dala 72,000, kuma guda 120 kacal aka ƙera. A 1965 sai ga PDP-8 a kan kusan dala 18,000. Irin waɗannan ne aka riƙa kira ƙananan kwamfutoci. Kar ka ji an ce ƙarama ka ɗauka ta sawa a jaka ce fa, PDP-7 kamar ka jera manyan firji ne kafaɗa da kafaɗa. Ƙanƙantarta ita ce sashe ɗaya a jami'a ko ɗakin gwaji ɗaya zai iya sayenta, mutum ya zauna gabanta shi kaɗai ya yi ta gwaji har dare ya raba, ba mai ce masa lokacinka ya ƙare.

Wannan 'yancin zama gaban inji shi ne ya haifi Unix.

A Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T da ke Murray Hill a jihar New Jersey, akwai wani matashi Ken Thompson. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Dennis Ritchie, sun yi shekaru a kan wani gagarumin aiki mai suna Multics, haɗin gwiwar MIT da General Electric da Bell Labs. Ana son a gina babbar manhajar da mutane da yawa za su riƙa amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Aiki ya yi nauyi, kuɗi na ta tafiya, a 1969 Bell Labs ta janye hannunta. Su Thompson suka roƙi a saya musu sabuwar kwamfuta su ci gaba da bincikensu, manya suka ƙi. An ci wuya da Multics, ba mai son jin zancen kuma.

Shi kuwa Thompson yana da wani wasa da ya rubuta, Space Travel, inda kake tuƙa kumbo tsakanin duniyoyin da ke kewaya rana, kana ƙoƙarin sauka a kansu. A babbar kwamfutar wurin, GE 635, Ritchie ya ba da labarin cewa wasa ɗaya yana cin kusan dala 75 na lokacin inji, ga hoton kuma yana tafiya yana tsayawa. Sai Thompson ya gano wata PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, mai allo mai kyau. Shi da Ritchie suka sake rubuta wasan dominta. Wahalar ita ce a kan GE 635 ɗin suke haɗa shirin, sai inji ya huda shi a kan doguwar takarda kamar zare, mai huji-huji, su ɗauka da hannu su kai wa PDP-7 ta karanta. Kowane gyara, sai an yi wannan zirga-zirgar.

A tsakiyar 1969 matar Thompson ta ɗauki jaririnsu ta tafi Kalifoniya ganin dangi na 'yan makonni. Gida ya yi shiru. Mutumin ya raba aikin, kowane babban sashe mako guda: manhajar gyara rubutu, manhajar da ke juya umarni zuwa harshen inji, da zuciyar tsarin kanta. Kafin iyali su dawo, PDP-7 ta fara tsayawa da ƙafarta, ba ta buƙatar takarda daga GE 635. Shekararsa 26 a lokacin. Da na ga wannan lissafin sai da na ɗan yi shiru, don ni yanzu na girme shi, kuma babban abin da na gama a mako uku shi ne wani dogon fim mai zango-zango. Daga baya abokin aikinsu Brian Kernighan ya laƙaba wa tsarin suna don tsokanar Multics, sunan da ya rikiɗe ya zama Unix.

Ku ji girman wurin da aka yi duk wannan. Ƙwaƙwalwar injin na Bell Labs kalma 8,192 ce, kowace kalma bit 18. In ka juya shi zuwa ma'aunin yau, kusan kilobayit 18 ke nan. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan sau ɗari ko fiye. Waya mai ram 4GB ta ninka shi sama da sau 200,000. A cikin wannan 'yar kalma 8,192 ma, rabi na tsarin ne, rabi na shirin da mai amfani ke gudanarwa. Ritchie ya rubuta cewa da suka ƙara dabarar nan ta fork, wadda ke ba shiri damar haifar kwafin kansa, layi 27 kawai ta ci. Har gobe da wannan dabarar Linux ke aiki.

Daga nan labarin ya yi sauri. A 1970 suka samu PDP-11, bisa alƙawarin za su yi wa sashen da ke rubuta takardun mallakar fasaha manhajar tsara rubutu. Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, a 1973 aka sake rubuta Unix da shi, jami'o'i suka karɓa, ta Berkeley ta fitar da nata reshen. A 1983 aka ba Thompson da Ritchie kyautar Turing. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta Linux yana kwaikwayon tsarin Unix, ba tare da ya ɗauki rubutunsu ba. Android a kan Linux yake zaune, wato Tecno ɗinka da Infinix da itel da Samsung. Tsarin iPhone kuma yana da jini daga reshen Berkeley. Ko ta ina ka bi, jika ne ko ɗan riƙo.

Amma shi na asalin, na PDP-7? Da aka koma PDP-11 ba wanda ya waiwaye shi. Ba wanda ya ga abin tarihi a cikinsa, tsohon aiki ne da aka wuce. Shekaru suka tafi, masu bin tarihin Unix suka tattara na 1972 da na 1973 da na bayansu, amma na farkon sai dai a ji labarinsa a bakin waɗanda suka yi shi.

Akwai wani malami a Ostareliya, Warren Toomey, da ya kafa ƙungiyar sa-kai mai suna The Unix Heritage Society tun shekarun 1990, aikinsu farautar tsofaffin faya-fayai da takardun Unix. A 2016 wani tsohon ma'aikacin Bell Labs ya fito da wasu takardu da ya kwafa ya ajiye tun yana aiki a can. Da aka duba, ashe rubutun Unix na PDP-7 ne, bugun inji a kan takarda, wasu wuraren har da gyaran biro a gefe. Ba faifai, ba tef. Takarda zalla.

Nan fa aiki ya tashi. Bugun ya tsufa, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto ba ta iya fitar da shi daidai ba, dole mutane suka raba shafuka suka riƙa bugawa da hannu, layi bayan layi. A irin wannan rubutu, ka ɗauki sifili a matsayin harafin O, ko lamba 1 a matsayin ƙaramin L, shi ke nan komai ya tsaya, kuma ba abin da zai nuna maka inda ka kauce. Manhajar da za ta juya rubutun zuwa harshen inji ma sai da suka rubuta sabuwa a kwamfutar zamani. Wasu sassan kuma babu su sam a cikin takardun, ciki har da sashen da ke karɓar umarni daga mai amfani. Sai suka bi bayanan da Ritchie ya bari game da yadda abin yake aiki, suka rubuta madadinsu. Abin da ya burge ni shi ne ba su cakuɗa ba. Na asali yana gefe guda, na ciko yana gefe guda, kowa ya zo zai san wanne ne hannun Thompson, wanne ne hannun ɗan sa-kai na 2016. Suka gwada shi a kan SimH, manhajar da ke sa kwamfutar yau ta yi kamar tsohuwa, ya tashi. A watan Oktoban 2019, lokacin cikar Unix shekara 50, gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a Kalifoniya ya fitar da wani kundin kuma da aka samu cikin takardun marigayi Ritchie, kuma a cikinsa har da wasan Space Travel.

To an samu rai, saura gangar jiki. Cikin PDP-7 guda 120 da aka ƙera, waɗanda aka san sun rage ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ɗaya tana hannun wani tsohon injiniyan kamfanin jirage na Boeing, wanda ya saye ta a wurin da kamfanin ke sayar da kayan da ya daina amfani da su, ya kai gida ya ajiye shekara da shekaru yana lallaɓa ta. Ku lura, ba ita ce ainihin ta Bell Labs ba, 'yar uwarta ce. Ita ce ta ƙare a gidan tarihin Living Computers na Seattle, wanda Paul Allen, abokin Bill Gates da suka kafa Microsoft tare, ya assasa. Ƙa'idar gidan a lokacin ita ce inji ba na kallo a bayan gilashi ba ne, sai ya yi aiki, baƙo ya zauna ya taɓa.

Bari in ɗan tsaya a nan, don gyaran irin wannan inji shi ne wurin da na fi jin daɗi a duk binciken.

Abu na farko da masu wannan sana'a za su faɗa maka: kar ka kuskura ka jona shi da wuta ka kunna. Injin da ya yi shekaru a ajiye, manyan kafasitocin da ke sashen wutarsa sun yi rauni. Ka ba su cikakkiyar wuta lokaci guda, sai su fashe, ko su tura wutar da ta wuce kima ta ƙone abin da ba a ƙera irinsa yanzu. Sai a raba sashen wutar da sauran jiki, a riƙa ɗaga ƙarfin wutar kaɗan-kaɗan, awa bayan awa, ana aunawa, kamar yadda mai azumi ke fara buɗe baki da ruwa da dabino kafin tuwo. Kafin nan an share ƙura, an duba ko ɓera ya yi gida ya ci waya, an tabbatar fankoki na juyawa.

Sannan a shiga cikin jiki. PDP-7 ba ta da abin da muke kira furosesa, ɗan guntu guda da ke yin komai. Ƙwaƙwalwar lissafinta a baje take a kan ɗaruruwan ƙananan katuna da DEC ke kira Flip Chip, kowanne bai fi tafin hannu ba, ɗauke da 'yan transistoci da diyod da za ka iya gani da ido ka taɓa da yatsa. Katunan a soke suke cikin ramuka, ta baya kuma dubban siraran wayoyi ne aka nannaɗe a kan ƙusoshi suna haɗa wannan da wancan. In lissafi ya fito ba daidai ba, sai ka sa injin ya riƙa tafiya taki ɗaya-ɗaya, kana kallon fitilun gaba, har ka ga bit ɗin da ya ƙi kamawa. Ka buɗe zane, ka bi layinsa zuwa katin da ke da alhaki, ka ɗora masa na'urar da ke nuna bugun lantarki a allo, ka gano transista ɗaya da ta mutu, ka narka dalma ka cire ta, ka sa wata. Kwamfuta guda, an gyara ta da kayan da bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Wani lokacin ma ba abin da ya mutu, tsatsa ce kawai a bakin katin, a goge a mayar.

DEC har wata dabara ya gina a jikin injinansa na wancan zamani: mai gyara na iya ɗan rage ko ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa wani sashe da gangan, yayin da shirin gwaji ke gudana. Transistar da ta fara gajiya ita ce za ta fara yin kuskure, sai a kama ta tun kafin ta mutu a tsakiyar aiki. Shirye-shiryen gwajin ma kamfanin ne ke bayarwa, a kan takarda mai huji, ana kiransu MAINDEC.

Sai ma'adanar tunani, wadda a wurina ita ce abin al'ajabi. Ƙananan zobba ne na wani sinadari mai kama maganaɗisu, kowanne kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, an zura musu siraran wayoyi ta tsaye da ta kwance kamar saƙar tabarma. Kowane zobe bit ɗaya ne: maganaɗisunsa ya juya dama, 1, ya juya hagu, 0. Kalma 8,192 sau bit 18, zobba 147,456 ke nan, kuma yawancin irin wannan saƙa da hannu aka yi ta, galibi mata ne a masana'antu suna duba ta madubin ƙara girma. Duk sanda inji ya karanta zobe sai ya goge abin da ke ciki, dole ya sake rubuta shi nan take, kuma PDP-7 na gama wannan karatu da mayarwa cikin kashi 1.75 na miliyan ɗin daƙiƙa. Wani abin kuma, in an ɗauke wuta zobban ba sa mantuwa. Masu gyara kan buɗe injin da ya yi shekaru a kashe su tarar shirin ƙarshe da aka gudanar yana nan kwance. Da NEPA ta san da wannan fasaha da ta ji kunya. Amma in waya ɗaya ta tsinke a tsakiyar saƙar, to ka shiga uku, don gyaranta aikin allura ne da haƙurin gaske. Zobban nan a Turance core ake ce musu, kuma duk ɗalibin kwamfuta da shirinsa ya taɓa faɗuwa a Linux ya ga an rubuta masa core dumped, to sunansu ne ya rage, ko da yake an daina amfani da su tun shekarun 1970. Haka kalmar tty da ke Linux, daga Teletype ta fito, injin tafiretan da ake magana da kwamfuta ta cikinsa. Harafi 10 yake bugawa a daƙiƙa, ga maɓallansa da tauri, ka ga kuwa ba mamaki da umarnin Unix suka zo gajeru, irin su ls da cp.

Duk wannan gyara da na lissafa, abu ɗaya ne ya sa yake yiwuwa. In ka sayi inji a wurin DEC, da littattafansa yake zuwa: zanen kowane kati, jerin inda kowace waya ta tashi da inda ta sauka, bayanin yadda kowane umarni ke bi ta cikin inji. Kamfanin ya ɗauka cewa mai inji zai buɗe shi, zai gyara, zai ma ƙera nasa kayan ya jona. Kamfanin kansa ya mutu, Compaq ta saye shi a 1998, ita ma HP ta haɗiye ta a 2002, amma littattafan suna nan, 'yan sa-kai sun ɗauki hotonsu shafi-shafi sun zuba a rumbun intanet irin su Bitsavers. Ka kwatanta da yaranmu masu gyaran waya a Farm Centre a Kano. Wallahi akwai masu kaifin hannu da ido a cikinsu da ba su gaza waɗancan injiniyoyin ba, amma wayar da ke gabansu an manne ta da gam, ba ta zo da zane ba, sai wanda suka tsinta a intanet ko suka saya a hannun wasu. Injin 1964 yana gyaruwa, wayar shekara huɗu kuma sau da yawa sai dai a cire abin da ke da amfani a jefar da saura.

Mu koma Seattle. Inji ya tashi, yana cin gwaji, amma Unix ba zai zauna a kansa ba sai da faifan ajiya, don asalinsa ma tsarin adana fayil ne. Na Bell Labs yana da wani babban faifai mai suna RB09. Wannan ta Seattle ba ta da shi, kuma ba kasuwar da za ka je ka sayo. Sai injiniyoyin gidan suka ƙera sabon abu da kayan lantarki na zamani, wanda in PDP-7 ta yi masa magana zai amsa mata kamar faifai ne na zamaninta. Suka sa masa suna JK09, a bisa salon sunayen DEC. Sannan aka rubuta sabon ɗan sashe a cikin zuciyar Unix da zai san yadda ake magana da wannan baƙon faifai, da harshen inji irin wanda Thompson ya yi amfani da shi shekara 50 baya.

Akwai masu ganin wannan ya rage wa abin asali. Suna cewa in ka jona kayan 2019 a jikin injin shekarun 1960, me ka tayar ke nan? Ni dai ban bi su ba. Lissafin duk a cikin tsofaffin transistocin yake gudana, tunanin a cikin zobban yake zaune. Kuma PDP-7 dama an yi ta ne don a ƙara mata kaya, da ƙwaƙwalwar kalma 4,096 take zuwa, mai buƙata ya ƙara, ɗakunan gwaji kuma kowa da irin na'urar da yake ƙerawa ya jona mata. Wanda ya ƙera mata faifai a 2019 al'adar gidan ya bi. Inda zan yarda da masu ƙorafin shi ne in an ɓoye, aka nuna wa baƙo sabo a matsayin tsoho. Su kuwa ba su ɓoye ba, har suna daban suka ba shi.

Haka aka kai ga ranar da na fara ba ku labari, aka buga dmr, inji ya buɗe.

Ina ajin ƙarshe a jami'a, an taɓa buɗe wani sito a sashenmu za a mayar da shi ofis. Tsofaffin kwamfutoci ne cike, da kwalaye na littattafansu, da fayil-fayil na ayyukan ɗaliban da suka gama tun kafin a haife ni. Ƙarafan aka kira 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Takardun aka tara a bayan gini, ruwan sama ya fara dukansu, daga baya aka cinna musu wuta. Ina tsaye ina kallo da 'yan ajinmu, muna ta raha, ko shafi ɗaya ban ɗauka ba. Ban ce akwai wani Unix a ciki ba. Amma wanda ya kwafi takardun Bell Labs ya kai gida, shi ma lokacin da yake kwafar ba wanda ya ce masa tarihi ne.

Labarin Seattle bai ƙare da daɗi ba. Paul Allen ya riga ya rasu tun Oktoban 2018, shekara guda kafin Unix ya tashi a gidan nasa. A watan Maris na 2020 aka rufe gidan saboda korona, 'yan watanni kacal bayan wannan nasara, kuma bai sake buɗewa ba. Injiniyoyin da suka san halin kowane inji, wanne ne sai ya yi ɗumi kafin ya yi aiki, wanne kati ne ke yawan ba da matsala, aka sallame su suka watse. A watan Yunin 2024 masu kula da dukiyar marigayin suka sanar cewa an rufe ke nan, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wasu daga cikin manyan kayan, wasu suka koma wasu wuraren adana tarihi. Gidan da attajiri mai biliyoyin daloli ya gina bai kai shekara 8 a buɗe ga jama'a ba.

Shi kuwa rubutun da 'yan sa-kai suka buga da hannu ba tare da an biya su ko sisi ba, yana nan a GitHub da sunan pdp7-unix, kyauta. SimH ma kyauta ce, kuma tsohuwar laftof ɗin da ka yi aikin kammala digiri da ita ta ishe ta. Na gwada a tawa a daren Asabar, wuta ta ɗauke sau biyu kafin in gama haɗawa. Da kalmar login ta fito na buga ken.

Wanda ya gwada ya ajiye mana hoton allonsa a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.